Kifi a Ƙwaryar Nono

Ni dai tun farko ban ƙaunaci kifayen nan ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Shekarar da damina ta ƙi, wato 1984, ina dafa abinci a gidan wani kaftin na soja a bakin garin Tasawa. Mata na yini a layin rijiya saboda tulu ɗaya, mu kuwa a bayan gidanmu ga tafkin siminti, kifi biyar na shawagi a ciki abinsu. Wani injiniya ɗan Japan da ya zo haƙar rijiyoyi ne ya bar wa Kaftin su da zai koma gida. Koi ake ce musu. Ba a cin su, kallo kawai ake yi. Ranar da na ji haka sai da na ajiye ludayi na yi salati.

Mai kula da su shi ne Baba Jaji, Bafillacen wajen Issawane. Da shanu talatin da bakwai fari ya same shi. Matarsa Inna Hamsatu ta ba ni labari cewa kullum da safe sai ya bi waɗanda suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, ya kama wutsiya ya ɗaga, yana lallashinsu su miƙe. Wadda ta ƙi miƙewa, ta tafi ke nan. Haka suka ƙare, ta ƙarshensu wata fara mai jan goshi. Suka shigo gari da tabarma da ƙwaryar tatsa guda, ya samu aikin lambu a gidanmu.

To, babba a cikin kifayen fara ce tas, da jan tabo a tsakar ka, tsawonta ya kai kamu guda. Ba sai na faɗi sunan da Baba Jaji ya sa mata ba. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, yaushe Jan-Goshi za ta ba mu nono?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da watsa musu abinci.

Da bazara ta kankama, wata safiya muka tarar simintin ya tsage, ruwa ya koma rabi, yana kuma tsiyayewa. Kaftin yana Maraɗi. Dole a kwashe kifayen zuwa kwarmin da ake tara ruwan ban-ruwa, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, taki arba'in daga nan.

Salifu mai gadin ƙofa ya ce a bar masa. Shi da ya tashi yana kamun tarwaɗa a tafkin ƙauyensu, wane kifi ne zai gagare shi? Kafin Baba Jaji ya dawo daga ɗebo ruwa, Salifu ya zura komarsa mai kaushin zare, ya cafko ƙaramin cikinsu, ya juye a buhu. Ni ma ban ga laifinsa ba. Mu kifin da muka sani tarwaɗa ce da gaiwa, waɗanda za su yini a buhu su iso kasuwa suna motsi. Wannan kuwa ya yi ta bugun kansa har ɓawon jikinsa ya zube, Salifu ya tsaya gyara bakin buhu, ya tsaya yi mini bayani. Da aka juye shi a kwarmin, sai ya taso ciki sama.

Baba Jaji ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Ba korar Kaftin yake tsoro ba, na ga hakan a fuskarsa. Ya ce, "Salihu, ɗana, aje komag ga. Talatin da bakwai sun mutu hannuna. Ba ni iya ganin wata kuma."

Ya aike ni in kira Inna Hamsatu ta zo da ƙwaryarta. Ƙwarya ce babba, tun da shanu suka ƙare take rataye, ko hatsi ba ta yarda a zuba mata ba. Ta miƙa masa.

Ya lanƙwasa reshen dogon yaro, ya ɗaura masa ƙyallen tsohon gidan sauro mai laushi, ya yi 'yar raga. Ya cire zoben azurfarsa ya ba ni riƙo, ya jiƙa hannuwansa har gwiwa, ya shiga ruwan a hankali. Sai ya tsaya cik.

Salifu ya ce, "Baba, mi kaka jira? Ruwa na ƙarewa hwa!"

"Dabbar da ta firgita ba a bin ta. Bari su manta da kai tukuna."

Daga nan ya fara wani gunji can ƙasan maƙogwaro, irin wanda makiyaya ke yi wa shanu a bakin rijiya. Ya nutsar da ƙwaryar a gefe, ya sa ragar a gaban kifi, yana tare hanya kawai, bai ɗaga ko ɗaya daga ruwa ba. Kifin da kansa yake juyawa ya shige ƙwaryar. Sai ya rufa mata jiƙaƙƙen zanena, ya ce in ido ya rufu zuciya na kwantawa, ya ɗauka da ruwanta. A kwarmin ma bai juye ba, sai ya bar ƙwaryar tana yawo a sama, yana ɗiban ruwan can yana ƙara mata kaɗan-kaɗan har sanyinsu ya zo ɗaya. Uku suka wuce haka lafiya.

Jan-Goshi ce ta rage, ruwan kuma bai fi tsawon hannu ba, ya yi ɗumi. Da ta nufo ƙwaryar, rana ta faɗa a kanta. Wallahi shekara biyu ina wuce kifin nan ina harararsa, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ɓawon jikinta jere yake, kowane da bakinsa na zinariya, jan tabon kamar an ɗiga lalle. A ƙasar da komai ya koma launin toka! Na ji bakina na faɗin Subhanallahi ba da shawarata ba.

Amma da aka sake ta a kwarmin, sai ta karkace ta kwanta gefe guda. Inna Hamsatu ta juya baya, ta san irin wannan kwanciyar.

Baba Jaji ya duƙa cikin ruwan. Hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinta, ɗaya a gindin wutsiya, ya miƙar da ita, yana tura ta gaba sannu-sannu don ruwa ya ratsa bakinta. Ta sake karkacewa, ya sake miƙarwa. Gunjin nan bai yanke ba. Salifu ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san tuwona ya ƙone.

Can sai wutsiyar ta kaɗa sau ɗaya, ta fallatsa masa ruwa a gemu. Ya buɗe hannuwansa, ta sulale ta bi 'yan'uwanta.

Bai dube mu ba. Matarsa ya kira, wadda har yanzu bayanta ke gare mu.

"Hamsatu, juyo ki gani. Wagga ta tashi."