Ƙofar da Muka Ƙi Buɗewa

"Kuna gaban ƙofar," in ji Baban Dodanni, yana ƙasa da murya. "Ta baƙin ƙarfe ce, tana gumi. Daga ciki wani abu yana numfashi. Me za ku yi?"

Tela ya sosa ƙeya. "Ni dai zan koma kasuwar da muka baro. Takalmin jarumina ya tsinke."

"Takalmi kuma? Makon jiya igiya ka koma saye!"

"Haba Baba, a shiga wurin dodo ba takalmi?"

Baban Dodanni maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya ƙare aikinsa yana zana taswirar filaye, da ya yi ritaya sai ya koma zana ƙasashen da babu su, inda aƙalla ba mai kai shi kotu kan iyaka. Duk Asabar da yamma mukan zauna a falonsa: ni, da Tela, da Nas, ƙanwar Baban. Shi ke jan labarin daga bayan wani kwali da yake ɓoye takardunsa, kowannenmu da jaruminsa, mu faɗi abin da za mu yi, ɗan lido mai fuska ashirin ya yanke hukunci. Manya da mu, da furfurarmu, muna tsoron rijiyar da aka zana da fensir.

Shekara da shekaru muna cikin labari ɗaya, kuma tuntuni ya gaya mana cewa ƙarshensa yana bayan wannan ƙofa. Sai ciwo ya kama shi. Nas, da ta iya karanta fuskar likitoci, ta tare mu a bakin get.

"Yaya ba zai daɗe ba," in ji ta. "Amma na san shi, ba ya barin aiki a rabi. Kada wanda ya taɓa ƙofar nan."

Na yi karatun da ya isa in gane wannan ba dabara ba ce. Na amince nan take.

Haka muka yi ta sayen igiya da takalmi. Jarumina, wanda ya taɓa sare kan maciji mai magana, ya ɓata yamma guda yana taya farashin jaki.

Ranar nan da Tela ya kawo zancen takalmi, Baba ya kwantar da kwalin a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba. Rigarsa ta yi masa yawa, agogonsa ya zame har gwiwar hannu.

"Ku dube ni nan. Ni na ƙirƙiro maƙaryatan da ke cikin ƙasar nan duka, kuma kowannensu ya fi ku iyawa."

"Yaya..." in ji Nas.

"Ke Auta, yi shiru, na san aikinki ne. Kuna tsammani mutuwa za ta tsaya jiran Tela ya gama gwada takalmi? Shekara nawa ina kiwon abin da ke bayan ƙofar nan! So kuke in tafi da shi, ba wanda ya ji tsoronsa?"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ku buɗe masa, don Allah. Ni nake jin yana gwada muryoyin a banɗaki."

Nas ta share ido da bayan hannu. "Na tura ƙofar," in ji ta.

Ya tayar da kwalinsa, ya gyara zama. Dodon ba shi da ƙaho ko haƙora. Da muryoyi ya zo, muryoyin duk jaruman da suka mutu mana a hanya. Ga maharbin Tela da ya nutse a kogi. Ga jarumina na farko, wanda na tsere na bari a rijiya tun gashina yana baƙi, yana kirana da irin tsamin bakina: "Malam, har yanzu kana neman igiyar?" Ni na manta da shi. Baba bai manta da ko ɗaya ba. Tsigar jikina ta tashi, da sauran rana, fanka tana juyawa.

Kafin shayi ya huce ya kashe ni, ya kashe Nas, yana tari yana dariya. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin hallaka maƙwabtansa haka ba.

Saura Tela, da takobi da sabon takalmi, da jifa ɗaya. Ya jefa. Ɗan lidon ya tsallake taswira, ya faɗo ƙasa, ya gangara ƙarƙashin kabad.

Dokar gidan ce: wanda ya faɗi ƙasa ba a sake jefawa, ba a taɓawa, kuma mai jan labari kaɗai ke karanta shi. Baba ya dubi kabad ɗin, ya dubi gwiwoyinsa.

"Ku bar shi nan," in ji shi, yana jingina. "Kun dai ji tsoro?"

"Ƙwarai, Baba."

"To, madalla."

Ranar Laraba da safe Allah ya yi masa rasuwa.

Asabar da ta biyo baya ƙafata ta kai ni gidan da kanta. Na tarar da Tela da Nas sun riga ni, kowa a kujerarsa, kwalin yana tsaye a gaban kujerar da ba kowa. Matarsa tana sharar falo. Da ta zo wurin kabad sai ta ɗage tsintsiyar, ta kewaye, ta ci gaba.