Yarinyar da Ba Ta Wuce Sha Biyu

Mai gyaran agogo bai yarda da takardar sakamakon ba tun kafin ya karanta ta. 'Yarsa ce ta kawo shago, ta ajiye a kan tiren ƙananan kusoshi.

"Baba, ka gani? Wai jikarka za ta maimaita aji."

Ya manna gilashin nan na ido ɗaya, ya bi layukan a hankali, don karatunsa ba mai sauri ba ne. Karatu: ta fara. Zane: ta yi nisa. Ƙirga: ba ta wuce sha biyu ba.

"Tawadar layin nan ta fi sauran duhu," ya ce. "Wani ya sa hannu a nan."

"Baba, biro ne ya ƙare."

"Biro! Yarinyar da ke faɗa wa masu wucewa lokaci tun tana da shekara huɗu? Sun ba ta sakamakon 'yar wani ne."

Da safe ya rufe shago ya tafi makarantar. Ajin ƙarami ne, kujerun ba su kai gwiwarsa ba, don haka ya tsaya. Malama ba ta yi gardama ba. Ta juye murafen kwalba ashirin a kan tebur, ta kira yarinyar.

"Tsoho mai ran ƙarfe, me ya kawo ka?" in ji jikar.

"Ƙirga dai, Gajera. Kada ki ba ni kunya."

Ta ɗora yatsa tana turawa ɗaya-ɗaya. "Goma, sha ɗaya, sha biyu, ɗaya, biyu, uku..." Da ta kai na ƙarshe ta ɗago kai da fara'a. "Takwas."

Tsoho ya ƙirga murafen da kansa, ko Malama ta ɓoye wasu a hannun riga. Ashirin ne cif.

"Sau uku ina gwada ta," in ji Malama. "Kullum haka take zagayowa."

Sai ya gane daga ina abin ya fito. A fuskar agogo ta koyi lamba, kuma a can babu abin da ke bin sha biyu sai ɗaya. Ya kwance na hannunsa, ya murza, ya nuna wa jikar.

"Huɗu saura minti bakwai."

Malama ta yi masa kallon tuhuma. "Baba, wannan kun shirya shi tun daga gida." Ta karɓi agogon, ta juya baya, ta murza da kanta.

"Tara da minti ashirin da uku."

"To ashirin da ukun nan, daga ina kika samo shi?"

"Ai minti ne, Malama. Murfi ba shi da minti."

Malama ta daɗe tana duban takardar. Gida uku kawai aka zana don makin ƙirga, kuma babu wanda yarinyar nan ta shiga. Ta yi ɗan rubutu a gefe.

"Za ta wuce. Amma daga yau, in an tashi za ta zauna nan tare da ni awa guda, har ƙarshen wata. Ba za ta je shago ba."

Awar nan ita ce lokacin da Gajera ke zama kusa da shi tana riƙe masa tire. Duk da haka ya ce ya yarda.

A bakin ƙofa ya sunkuyo wajen Gajera ya yi ƙasa da murya. "Gaya mini gaskiya. Ke da matar nan kun haɗa baki, ko?"