Kwalbar Malam Gambo

A fadamar Nasarawa Burkullu ba mai saka irin kankana a ƙasa sai Malam Gambo ya ce sanyi ya tafi, shi kuwa Gambo ba ya buɗe baki sai ya duba kwalbarsa. Wata tsohuwar kwalbar man shanu ce da ke zaune a kan tagar ɗakin matarsa Uwani. In man ya kwana a daskare, sanyi na nan. In ya wayi gari a narke kwana uku a jere, to a fito da iri. Haka ya gada wurin mahaifinsa. Shekara talatin Uwani na cika kwalbar nan tana goge ta, ba a taɓa tambayarta abin da ta gani ba.

Bana sanyin ya zo da shaƙiyanci. Ana tsakiyarsa sai aka yi kwana biyar ana gumi. Mangwaro ya ruɗe ya yi fure, kwaɗi suka fito daga laka suna ta kuka, man ya narke kamar ruwa. Gambo ya ce a shuka, fadama ta shuka. Rana ta shida sanyi ya juyo da ƙarfinsa. Furen ya zube, kwaɗin suka sandare a bakin rafi, iri ya ruɓe a rami. Gwangwani ɗaya na iri ya rage wa Gambo, kuma da kankanar nan gidan ke ci har damina.

Bayan mako biyu zafi ya sake leƙowa, man ya kwana a narke, Gambo ya fara wasa fartanya. A wannan rana sai Hamida, Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta gaya wa Uwani cewa shanunsu ba su zubar da gashin sanyi ba tukuna, manyan ruga kuma sun ce da saura. Uwani ta kai wa maigidan maganar. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shi bai taɓa ganin saniya ta noma kankana ba.

Uwani ba ta ja da shi ba. Ta matse murfin kwalbar tam, ta nutsa ta cikin randa ta kwana a can. Kafin ya dawo daga sallar asuba ta ciro ta, ta goge da bakin zani, ta mayar kan taga.

Gambo ya ɗaga, ya karkata, ya girgiza. Shi yana gumi, man kuwa ya ƙi motsi. Da maƙwabcinsa Makau ya zo jin labari, ya ce masa kwalba ba ta ba da izini ba. Makau ya ce kwalbar ta tsufa kamar mai ita, ya tafi ya shuka, wasu suka bi shi. Kwana shida Uwani na wannan aiki cikin fargaba, don in sanyin bai dawo ba, ita ta mai da mijinta abin dariya a gari.

Rana ta bakwai ruwan alwala ya gagari hannu. 'Yan tsiron Makau suka langaɓe, suka yi baƙi. Mutane suka riƙa zuwa gaida Gambo, shi kuwa ya baje a ƙofar gida yana ba da tarihin kwalba tun daga kakansa. Uwani na daga ciki tana daka tana ji. Dariya ta ci ta, haushi ma ya ci ta, turmi ne ya sha wahala.

Da zafi ya dawo karo na uku, Gambo ya gama cin tuwon rana ya nemi ruwa. Ta ɗebo masa a randa. Ya sha, ya lashi leɓe, ya daɗe yana kallon cikin moɗar.

"Uwani, ruwanga sun daina maiƙo," ya ce. "Kwana shidda ina shan man shanu, ban ce miki komi ba."

Kunya ta rufe ta.

Ya tashi ya ɗauko gwangwanin irin, ya ajiye a gabanta, sannan ya rage murya don kada a ji a waje.

"To, hwaɗa mini. Yaushe kwalbata za ta narke?"