Kwano Uku Don Ɗakin Araba

Egya Bentsil na cusa kwanon rufi na uku ƙarƙashin buhunan da ke cikin baronsa, sai ya ji murya a bayansa.

"Egya, ina za a kai amarya haka a lulluɓe?"

Ewurabena ce, jami'ar kare muhalli da aka turo ta tsaya kan rushe tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a Sekondi. Tun safe ta hana a taɓa kwanon rufin, wanda na asbesto ne, sai an jiƙa shi, an naɗe a leda biyu, a kai ramin da hukuma ta ware.

"Ɗakin 'yata Araba ke yoyo, ga ta da jaririya," in ji tsohon. "Lafiyayyen kwano za ku binne kamar gawa?"

"Ƙurarsa ce ke cin huhu, Egya."

Ya bushe da dariya, ya bugi ƙirji. "Yarinya, ni na kafa rufin nan tun uwarki ba ta yi haƙori ba! Mu biyar muke yanka shi da zarto, mu yi fari fat, mu karkaɗe hannu mu ci tuwon dokunu da kifi. Ban shiga aji ba, ban kwana asibiti ba. Ni kaɗai na rage!"

"Sauran huɗun fa?"

"Ragwaye! Ebo tari ya ɗauke shi. Kwamena ma tari. Fiifi kuwa..."

Ya tsaya. Ya tuna Fiifi, wanda bai taɓa shan taba ba, zaune bakin teku yana jan numfashi kamar mai jan taru. Na huɗun kuwa, Egya bai iya ko faɗin sunansa ba. Kuma kwanon nan ya fi ɗakin Araba tsawo. Da yamma zai yanke shi da zarto a ƙofar ɗakin, daidai inda ake shimfiɗe jaririyar.

Ewurabena ta miƙa masa takunkumi. "Kicin ɗin baya rufin ƙarfe ne. Na tambaya, an ce ka ɗauka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ja tiyo ya jiƙa kwanon ukun da hannunsa, yana yi wa leburori tsawa: "Ku ninka ledar da kyau! Ni na kafa shi, ni zan sallame shi!"

Da motar da aka loda su ta tashi zuwa ramin, sai ya cire hularsa, ya tsaya har ta sha kwana.