Kayan da Illiya Ya Ɗauka

Baturiya ba ta taɓa kai kaya garin Dirkou, can cikin sahara, da ƙafarta ba, amma da hanyar Dirkou take ci. Butik ɗinta, ɗan shagon kayan masarufi, na unguwar Dagmanet, kuma tun rasuwar mijinta tsarin ɗaya ne: Alhaji Saidou, mai babban magaza na sarin kaya a kasuwa, ya ba ta shinkafa da sukari da makaroni bashi, ita kuma ta ba masu kamiyo, wato manyan motocin kaya, su sayar can, su dawo su biya ta.

Shekara tara Illiya, ɗaya daga cikin masu kamiyon, yana ɗaukar kayanta, ko dala bai taɓa ci mata ba. Shi ya sa da ya nemi na jikka ɗari takwas, wato sefa dubu ɗari takwas, a tafiya ɗaya, ba ta nemi jingina ba. Cewa kawai ta yi, "Allah ya kiyaye hanya."

Sati bakwai ke nan da tafiyarsa. Lambarsa ba ta shiga.

Ranar Litinin Alhaji Saidou ya aiko a kira ta. Bai ɗaga murya ba.

"Hajiya, ni ma ba nawa ba ne. Masu kayan suna bisa wuyana. Alhamis in ban ga rabi ba, sai in aiko a kwashe abin da ya saura a butik."

"Alhaji, ka dubi marayun nan. Ka ƙara mini sati biyu."

"Biyun na ƙara miki har sau biyu."

Ta fito. Wuni biyu ta yi tana bin ƙananan masu bashinta gida gida cikin rana. Wannan ya ce albashinsa na kamfanin haƙar gawayi na Anou Araren bai sauka ba, wancan matarsa ta ce ya fita alhali takalmansa na bakin ƙofa. Abin da ta tara bai kai jikka arba'in ba.

Ranar Laraba da hantsi wani mai gyaran taya a tasha ya ce mata, "Illiya? Ai yana gari. Kwanansa goma gidan ƙanwarsa Ramata."

Ba ta san lokacin da ta isa gidan ba. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta faɗa tsakar gida, bakinta cike da maganar da ta tanada. Sai ta gan shi kwance bisa tabarma a gindin bango, ƙafarsa ta dama ɗaure da karare, ya rame har idanunsa sun faɗa.

"Yaya Baturiya," ya ce, ya kau da fuska. "Kunya ta hana ni aiko miki."

Kamiyon ya kife ne kwana biyu kafin Dirkou. Kwana huɗu suka yi kafin wata mota ta kwashe su. Kayan kuwa, wanda bai fashe ba, masu wucewa sun ɗebe.

Ta zauna a ƙasa. Ta so ta yi masa jaje da gaske, amma Alhamis ce kawai ke yawo a kanta. Idonta ya sauka kan moto, wato babur, da ke jingine a zaure.

Ramata ta lura. "Yaya, ita za mu sayar a kai shi likita. Mai ɗori ya ce ƙafar ta fara ruwa."

Baturiya ba ta ɗauke ido daga moton ba. Illiya ya lalubo makulli ƙarƙashin matashi ya miƙo mata.

"Hakkinki ne. Ɗauki."

Ta karɓa. Har ta fita ba ta yarda sun haɗa ido da Ramata ba.

Jikka ɗari uku da ashirin aka sayi moton. Ta cire sittin ta aika wa Ramata, sauran ta haɗa da abin da ta tara da na 'yan kunnenta da ta sayar, ta kai magaza. Alhaji Saidou ya ƙirga sau biyu, ya ce bai cika rabi ba, amma ya bar mata butik. Sai dai daga yau, kuɗi hannu, kaya hannu.

Da la'asar maƙwabciyarta Asiya ta shigo da kwano, tana son tiya ɗaya ta shinkafa bashi zuwa ƙarshen wata, kamar kullum.

"Ba na bayarwa yanzu, Asiya."

"Ni ma, Yaya? Yara ba su ci komai ba tun safe."

"Har ke."

Asiya ta kife kwanon a ƙirjinta ta fita. Baturiya ta zauna bisa buhun shinkafar, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.