Yumɓun Ƙarƙashin Laka

Wani tsoho ne, mahaƙin yumɓu. A bakin teku yake haƙa, inda rafi ke shiga, duk lokacin da ruwa ya janye. Matarsa ke gina tukwane da abin da ya kawo, kuma rabin unguwar a cikinsu suke girki.

Wata mai awon ƙasa ta zo da dogon bututu, ta kafa shi a laka, ta zare, ta tafi. Da sakamako ya fito sai ta biyo shi har gida, ta shimfiɗa lakar bututun a kan katako.

"Baba, dubi nan," in ji ta. "Wannan baƙar ta sama, tsawon hannu har kafaɗa, gubar dalma ce a cikinta. Tun da aka buɗe wurin fasa tsofaffin batura a saman rafi take taruwa, shekara bisa shekara. Wannan farar ta ƙasa ta zamanin kakanninku ce, ba komai a cikinta."

"Wuta ba ta cinye ta in an gasa tukunya?"

"Ba ta ci, Baba. Miyar da aka dafa a ciki take bi. Ko dai a samo na ƙasa, ko Inna ta bar gini."

Matar tsohon ta tashi ta kife tukwanen da ke shan iska, ta farfasa su da taɓarya, ta shige ɗaki. Sana'ar da ta gada ke nan, ba ta san wata ba.

Mahaƙan wurin ba sa haƙa ramin da ya wuce gwiwa. Lakar sama ta fi laushi, kuma ruwa ba ya jiran mai zurfin rami. Tsoho ya san haka. Da safe ya saɓa shebur, ya ƙwanƙwasa wa ƙanensa ƙofa.

"Yaya, gwiwar da ba ta hawa matakala ita za ta shiga rami?" in ji ƙanen.

"Riƙe bokiti, ka bar bakinka ya huta."

Suka fara. Ƙanen ya cika bokiti da baƙar laka, ya ɗaga zai watsa cikin rafi kamar yadda aka saba.

"Tsaya," in ji tsoho. "In ruwa ya dawo, ina zai kai ta?"

Ƙanen ya dubi ramin, ya sosa ƙeya. Ya ɗauki bokitin ya haura tudu, ya juye a wani tsohon durom, yana mita.

Rami ya kai ƙugu, ya wuce. Gadon bayan tsoho ya riƙe, bai nuna ba. Ruwa ya fara lallaɓowa ta kan yashi.

"Yaya, fito. Ba ni da kuɗin likkafani yau."

"Miƙo bokiti."

Shebur ya daki abu mai tauri. Fari ne, mai danƙo. Ya yanko abin da ya samu, ruwa na shafar idon sawunsa, sannan ya miƙa hannu aka jawo shi.

A gida matar ta latsa da yatsa, ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai dutse ka kawo mini."

"Jiƙa shi."

Ta jiƙa, ta daka, ta kwaɓa. Ta zauna a inda take zama, ta soma murza gindin tukunya. Tsoho na jingine da bango yana kallon hannunta. Bakin tukunyar ya tashi, bai tsage ba.

"Yana jin hannu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Gobe ka ƙaro."

"Gobe ƙanena ne a ramin," in ji tsoho. "Ni zan riƙe bokiti."