Fashewar da Ta Riga Dakta Isowa

"Babu shi!" in ji Dakta, yana ta ƙara girman hoton a kwamfuta har ya koma dishi-dishi. "Wallahi babu shi!"

Goma saura kwata na safe, taron kuma ƙarfe goma ne. A zauren taro na ƙasa mutum sittin na jiransa, har da 'yan jarida uku da surukinsa, wanda ya ɗinka sabuwar riga musamman don yau.

Shi ya jawo wa kansa. Bara na'urar hangen nesa ta ɗauko fashewar wani tauraro a cikin wani tarin taurari mai nisan gaske. Tsakaninmu da shi akwai wani ƙaton tarin, wanda nauyinsa ke lanƙwasa haske kamar yadda gindin kwalba ke yi, har hasken ya rabu hanya biyu, gajera da doguwa. Dakta ya yi lissafi, ya bugi ƙirji a rediyo cewa fashewar za ta sake bayyana ta doguwar hanyar bayan kwana ɗari huɗu da goma. Da wannan jinkirin za a auna nisan taurarin. Da nisan kuma, a lissafin da bai nuna wa kowa ba, zai zama Farfesa. Har ya gwada sa hannu da sabon laƙabin a bayan ambulan.

Injiniya, dattijuwar da ta shekara ashirin tana kula da na'urorin sashen nazarin taurari, ta ajiye kofinta ta leƙo ta bayansa.

"Ko ya tsaya shan mai a hanya?"

"Yaya, don Allah ba lokacin wasa ba ne."

"Matsa, Farfesan gobe. Buɗe mini asalin lissafin da kwamfuta ta fitar, ba wanda ka yi wa kwalliya ba."

Ya buɗe. Ta gyara tabarau, ta ɗora farce kan wani ɗan gajeren layi a gaban lambar kwanakin jinkirin.

"Wannan fa?"

"Alamar ragi ce. Na goge ta."

"Ka goge ta?"

"To ai lokaci ba ya komawa baya! Na ɗauka kwamfutar ce ta rikice."

Ta dube shi kamar yadda ake duban wanda ya fito da riga a baibai.

"Ɗan'uwana, fashewar da ka gani bara ita ce ta biyo doguwar hanya. Ta gajerar ta iso kwana ɗari huɗu da goma kafin nan. Ka tara jama'a tarbar baƙon da ya zo ya tafi shekara biyu da suka wuce."

Gumi ya keto wa Dakta. Mutumin da ke hango abin da ya faru kafin a halicci duwatsu, ga shi ɗan layin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya kayar da shi.

"In ce musu hadari ne ya rufe sama?"

"Na'urar a sararin samaniya take, Dakta. Ka faɗi haka da bakinka a rediyo."

Ya zauna daɓas. Sai kuma ya zabura.

"Tsaya! In wani ya ɗauki hoton wurin a wancan lokacin, awon bai mutu ba!"

"In ka same shi cikin minti bakwai."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce da bai taɓa gani ba, siririya, takalmanta duk ƙurar tafiya, ta rungume wani jan fayil. Shugaban sashe na tsaye a bayanta, fuska a murtuke.

"Kai ne Dakta?" in ji ta. "Daga ƙaramar tashar hangen taurari ta kan dutse nake. Shekara biyu ke nan da na aiko maka hoton wata fashewa, wasiƙa uku, ka amsa mini da cewa datti ne a madubina." Ta ɗan bubbuga fayil ɗin. "Amsarka ma tana ciki. Ina zauren taron yake?"